Wayar Salula a Ma'aunin Ciyarwa: Nazarin Fiƙihu a kan Kuɗin Waya a Gidajen Talata Mafara, Bakura da Maradun

Tsakure

Wannan maƙala tana nazarin matsayin wayar salula, da abin da take ci na kuɗi, a cikin ciyarwar da shari'a ta ɗora wa maigida, bisa ƙa'idojin mazhabar Malikiyya. An ɗauki ƙananan hukumomin Talata Mafara, Bakura da Maradun na jihar Zamfara a matsayin fagen nazari, saboda rufe layukan waya da aka yi a can a shekarar 2021 ya bayyana abin da gida yake rasawa idan waya ta yi shiru. Maƙalar ta rarrabe tsakanin wayar kanta, kati, data, caji da basussukan da ake ci saboda su, ta kuma taɓo mallakar waya tsakanin ma'aurata da kuɗin da mamaci yake bari a asusun waya.

Gabatarwa

Ranar 3 ga Satumba, 2021, Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta umurci kamfanonin waya su kashe turakunsu da ke jihar Zamfara baki ɗaya, bisa buƙatar gwamnan jihar na lokacin, Bello Muhammad Matawalle, wanda shi kansa ɗan Maradun ne. Kwana biyu kafin umurnin, 'yan bindiga sun kwashe ɗalibai 73 daga makarantar sakandaren jeka-ka-dawo ta Kaya a ƙasar Maradun. A watan Agusta sun shiga kwalejin aikin gona ta Bakura, a watan Fabrairun shekarar kuma sun ɗauke 'yan mata 279 daga makarantar Jangebe a ƙasar Talata Mafara. Da farko an ce rufewar ta mako biyu ce. Gusau ta sami layi a farkon Oktoba, sauran garuruwa kuwa sai wajen ƙarshen Nuwamba.

A waɗannan watanni kowane gida ya gane abin da waya take yi masa. Ɗan ci-rani da ke Legas ko Fatakwal ya kasa isar da kuɗin cefane, domin na'urar mai POS da ake karɓar kuɗin a wurinsa da layi take aiki. Manomin shinkafa ya kasa jin farashi kafin ya sallama wa dillali. Matar da iyayenta suke wani gari ta kwashe makonni ba ta san halin da suke ciki ba, a lokacin da ba a rasa labarin hari. Aka koma saƙon baka da wasiƙa ta hannun direbobi, masu hali kuma suka riƙa biyan kuɗin mota zuwa Sakkwato don su yi kira ko su tura kuɗi. Gaskiya ne cewa matakin ya zo tare da rufe kasuwannin mako-mako da taƙaita sayar da man fetur, saboda haka ba dukkan ƙuncin lokacin za a jingina wa rashin waya ba. Duk da haka, an ga abin da rashinsa ya cutar, an kuma ga abin da aka rasa babu wanda ya ji a jikinsa, kamar hirar dare a WhatsApp da kallon gajerun bidiyoyi.

Ga ɗalibin usulu, wannan gwaji ne irin wanda ba kasafai ake samu ba. Imam Shaɗibi, wanda ya rasu a shekara ta 790 bayan Hijira, ya kasa maslahohi gida uku a cikin Muwafaƙat, kuma ya auna kowane kashi da abin da yake faruwa idan an rasa shi. Laruriyyat su ne waɗanda rashinsu yake rusa tsarin rayuwa. Hajiyyat su ne waɗanda rashinsu yake jawo ƙunci da wahala ba tare da rayuwa ta rushe ba. Tahsiniyyat kuwa rashinsu ƙawa kawai yake ragewa. Abin da mutanen waɗannan garuruwa suka gani a 2021 ya nuna cewa waya ɗaya tana ɗauke da ayyuka daga dukkan matakan uku, don haka kuskure ne a yi mata hukunci guda, a ce wajibi ce ko a ce almubazzaranci ce.

Yadda ta shigo gida

An yi gwanjon lasisin wayar salula a Nijeriya a watan Janairun 2001, kamfanonin Econet da MTN suka fara aiki a watan Agusta. A lokacin layi kaɗai ya haura naira dubu goma, kiran minti ɗaya naira 50, alhali mafi ƙarancin albashi a jihohi naira 5,500 ne. Da malami ya ce waya kayan ƙawa ce ta masu kuɗi a wancan lokaci, da ya faɗi daidai. Zuwan Glo a 2003 da lissafin daƙiƙa-daƙiƙa ya karya farashi, daga baya kuma wayoyin Tecno da Itel masu sauƙin kuɗi suka kai ta hannun mai faskare da mai dakau.

A wannan yanki akwai dalilin da ya ƙara mata muhimmanci. Madatsar ruwa ta Bakolori, wadda aka kammala a 1978 a kan kogin Sakkwato, an tsara ta shayar da kimanin hekta 23,000 a ƙasashen Talata Mafara, Bakura da Maradun. Noman rani sana'a ce ta kuɗi a hannu: taki, magani, fetur na injin ban ruwa, lebura, sannan mai saye da yake zuwa daga nesa. Duk waɗannan a yau ta waya ake shirya su. Sai kuma rashin tsaro ya ƙara wani aiki: kafin mutum ya kama hanyar gona ko ta kasuwa, sai ya kira ya ji ko hanya lafiya. Kiran da yake hana mutum faɗawa hannun masu garkuwa ya shiga babin kare rai, wanda yake cikin laruriyyat. Kuma da irin wannan wayar ce mai kai wa 'yan bindiga rahoto yake aikinsa, da ita ake cinikin kuɗin fansa. Malaman usulu sun riga sun kafa cewa hanya tana ɗaukar hukuncin abin da take kaiwa gare shi.

Shin waya tana cikin ciyarwa?

Alƙur'ani bai ƙayyade ciyarwa da adadi ba. Aya ta 233 ta Suratul Baƙara ta ɗora wa uba ci da tufafi gwargwadon abin da aka sani a tsakanin mutane, aya ta 7 ta Suratuɗ Ɗalaƙ kuma ta rataya ciyarwar ga yalwar mai bayarwa ko ƙuncinsa. Haka Annabi (S.A.W.) ya mayar da Hindu bint Utba ga abin da zai ishe ta da 'ya'yanta bisa al'ada, lokacin da ta kai ƙarar maƙon Abu Sufyan, kamar yadda Bukhari da Muslim suka ruwaito. A kan wannan Malikiyya suka gina babin nafaƙa. Shehu Khalil a Mukhtasar ya lissafa abinci, mahaɗi, tufafi da mazauni, ya kuma ce a auna su da ƙarfin miji, da matsayin matar, da garin da suke, da farashin kaya. Ya ambaci ƙananan abubuwa irin su ruwa, mai, itace, gishiri, tabarma, ladan ungozoma, da kayan kwalliyar da barinsu yake cutar da mace, kamar kwalli da lalle. Wannan jeri hoton gidan Misira ne na ƙarni na takwas bayan Hijira. Imam Ƙarafi, wanda ya rasu a 684, ya yi gargaɗi a cikin Furuƙ cewa hukuncin da aka gina a kan al'ada yana juyawa idan al'adar ta juya, kuma daskarewa a kan abin da aka rubuta a littattafai alhali al'ada ta sauya ɓata ne a addini.

Wannan bai isa a ce duk abin da ya zama yayi ya shiga nafaƙa ba. Khalil da kansa ya fitar da wasu abubuwa daga wajibin miji, kamar tufafin fita unguwa, duk da cewa matan zamaninsa suna da su. Hanyar da ta fi aminci ita ce a nemi haƙƙin da shari'a ta riga ta tabbatar wa matar, sannan a duba ko waya ce hanyar isa gare shi a yau. A mazhabar Malikiyya miji ba shi da ikon hana iyayen matarsa shiga wurinta, an ma ƙayyade musu ziyara sau ɗaya a mako idan an yi jayayya, kuma idan ya rantse ba za ta ziyarce su ba, alƙali yana karya rantsuwar matuƙar matar amintacciya ce. Yanzu a ɗauki matar da aka aura daga wani ƙauyen Maradun zuwa Bakura, iyayenta sun yi gudun hijira, ko kuma hanyar da ke tsakaninsu ba ta biyuwa sai da fargaba. Haƙƙin ziyara yana nan, hanyarsa ce ta toshe. Abin da ya rage mata na sada zumunci shi ne murya ta waya. Mijin da ya hana ta wannan, yana da hali, ya hana ta abin da malamai suka ce alƙali yana tilasta shi a kansa.

Daga nan ake fahimtar gwargwadon wajibin. Abin da ya hau kan miji shi ne ya samar mata hanyar jin iyayenta da neman agaji idan wani abu ya taso ba ya gida, musamman ga mai tafiya ci-rani na watanni. Ƙaramar waya mai madannai da ɗan kati sun wadatar da wannan, har ma wayar gida guda ɗaya da take iya ɗauka ba tare da ta roƙa ba. Babbar waya mai kyamara da data ta wata-wata kyautatawa ce, mai lada ga wanda yake da yalwa, ba a hukunta ta a kan matalauci. Sai dai ma'aunin matsayin mace yana nan: 'yar gidan da duk tsararrakinta suke da babbar waya, mijinta kuma mawadaci ne, alƙali yana iya ganin al'adar irinsu ta shigar da ita, kamar yadda malamai suka wajabta wa mawadaci ɗaukar mai hidima ga matar da irinta ake yi wa hidima.

Akwai wani amfani da bai kamata a raina ba. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda ya yi shekaru yana wa'azi a ƙasar Zamfara har ya zauna a Faru, ya soki malaman da suke barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci a littafinsa Nurul Albab. Matar da take cikin kulle a yau tana iya sauraren tafsiri da karatun Ahalari ko Risala a memori, tana tuƙin tuwo. Masu shagon tura fina-finai su ne kuma suke tura karatun malamai, a farashi ɗaya. Abin da aka zuba a memorin shi ne abin tambaya.

Inda kuɗin yake zurarewa

Yawancin magidanta idan suna lissafin waya, kuɗin sayenta kawai suke gani, domin shi ne yake fita a dunƙule. Alhali wayar kamar dabbar turke ce, kullum sai an ba ta. Akwai kati, akwai data, akwai caji a wurin mai janareta ko mai sola a garuruwan da wutar lantarki take yin kwanaki ba ta zo ba, akwai gyaran gilashi da sauya batir da caja, akwai ladan mai POS, akwai harajin naira 50 a kan tura kuɗin da ya kai naira 10,000. Kowane ɗaya ƙarami ne, shi ya sa ba ya shiga lissafi.

A ɗauka, a matsayin misali kawai, gida mai waya huɗu: ta maigida, ta mata biyu, da ta babban ɗa. Idan kowace tana cin naira 200 a rana tsakanin kati, data da caji, gidan yana fitar da naira 800 kullum, wato 24,000 a wata. Mafi ƙarancin albashin da aka sa wa hannu a watan Yulin 2024 naira 70,000 ne, ke nan fiye da sulusinsa ya tafi. Manomi da ɗan tireda ma ba su da albashin, sai abin da rana ta kawo. A watan Janairun 2025 NCC ta amince wa kamfanoni su ƙara farashin kira da data har zuwa kashi 50 cikin ɗari, bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 ya riga ya ɗaga farashin caji da na tiyar gero tare.

Israfi a wurin malamai abu ne da ake aunawa da halin mai kashewa. Aya ta 67 ta Suratul Furƙan ta yabi bayin Allah da tsayawa tsakanin wuce iyaka da ƙuntatawa, ayoyi na 26 da 27 na Suratul Isra'i kuma sun yi kakkausan hani ga almubazzaranci. Datar naira dubu biyar a hannun ɗan kasuwar da yake cinikin buhunan shinkafa da ita jari ce. Datar naira ɗari biyar a hannun magidancin da ya fita bai bar kuɗin cefane ba tauye haƙƙi ce, domin nafaƙar mata bashi ce a kansa, kuma Abu Dawud ya ruwaito daga Abdullahi bin Amr cewa tozarta waɗanda mutum yake ciyarwa ya ishe shi zunubi. Tsarin fifiko a nan ba ya buƙatar dogon ijtihadi: abinci, tufafi, mazauni da maganin yara suna gaba, kiran da sana'a da zumunci da tsaro suke buƙata yana biye, nishaɗin halal kuma daga abin da ya saura.

Bashin da ba a kiransa bashi

Wannan shi ne fagen da ya fi buƙatar malamai su yi magana, domin mu'amaloli ne da mai sallah a sahun farko yake yi kullum ba tare da ya taɓa tambaya ba.

Na farko aron kati. Tsarin da aka saba shi ne kamfani ya cire kashi 15 cikin ɗari tun farko: wanda ya ari katin naira 1,000 zai ga 850, ya biya 1,000 da zarar ya sa kati. Idan aka auna da abin da ya shiga hannunsa, ƙarin ya haura kashi 17, a bashin da sau da yawa ba ya wuce kwana biyu. Malaman zamani sun kalli wannan ta fuska biyu. Masu hani suna cewa kamfani da kansa ya kira shi aro, kuma bashin da ya jawo amfani ga mai bayarwa riba ne. Suna kafa hujja da matsayar Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi a zamanta na Amman a 1986, cewa ladan hidimar bashi ba ya halatta sai gwargwadon abin da aka kashe a zahiri, abin da ya ƙaru a kai riba ne. Ladan da yake hauhawa da girman bashin kuwa, alhali aikin na'ura ɗaya ne ko an ari ɗari ko dubu biyar, da wuya a ce kuɗin hidima ne. Masu sauƙaƙawa suna cewa kamfani bai ba da kuɗi ba, amfanin kira ya sayar a kan farashin jinkiri, sayarwa da ƙari saboda jinkiri kuwa halal ce a wurin jamhur. Wannan fuska tana da ƙarfi, domin a ƙulle-ƙullen ciniki ma'ana ake dubawa kafin suna. Abin da yake raunana ta shi ne yadda kati ya kusa zama kuɗi, ana tura wa wani, ana sayen data da shi, har akwai masu mayar da shi tsabar kuɗi. Abin da ya fi dacewa shi ne a bar aron kati ga halin matsuwa, kamar kiran gaggawa cikin dare. Wanda ya mayar da shi ɗabi'a, ko da an bi ra'ayin masu halattawa, yana zubar da kusan kashi ɗaya cikin bakwai na kuɗin katinsa a banza.

Na biyu sayen waya biya-a-hankali, inda ake sa wa wayar manhajar da take kulle ta idan an yi jinkirin biya. Majalisar da aka ambata ta zartar a zamanta na Jidda a 1990 cewa ya halatta farashin jinkiri ya fi na hannu, da sharaɗin a yanke farashi ɗaya lokacin ƙulla ciniki, kuma haramun ne a ƙara wa mai saye wani abu saboda ya makara. Don haka tambayoyi biyu mai saye zai yi. Wane ne ya sayar masa? Idan mai shago ne, ko kamfanin da ya mallaki wayar sannan ya sayar, ciniki ne. Idan kuwa wani kamfani ne ya biya mai shago a madadinsa yana binsa kuɗi da ƙari, wannan rancen kuɗi ne da ruwa, ko da wayar ce ta shiga hannunsa. Sannan, akwai tarar jinkiri? Idan akwai, sharaɗin riba ya shiga. Kulle wayar yana kama da jingina ta wata fuska, sai dai yana hana mai ita amfanin abin da ya mallaka, kuma idan da ita yake neman abin biyan, kullewar tana ƙara nisanta shi da biya. Manhajojin ba da rance da ruwa kuwa hukuncinsu a fili yake, ga kuma tozarcin aika wa dangi da surukai saƙo idan an makara.

Na uku ladan mai POS. Mutum ya tura naira 10,200 ya karɓi 10,000 a hannu. Kuɗin takarda suna ɗaukar hukuncin zinariya da azurfa a babin riba, kamar yadda majalisun fiƙihu suka tabbatar, kuma asalin wannan yana cikin Mudawwana, inda Imam Malik ya nuna cewa ko fatu mutane suka mayar kuɗi, hukuncin canji zai hau kansu. A zahiri ke nan naira ce da naira tare da fifiko. Sai dai mai POS wakilin banki ne, ya biya hayar rumfa, ya sayi na'ura, ya ɗauki haɗarin ɗauko kuɗi a hanyar da ba ta da tsaro, a yankin da rassan banki ba su da yawa. Ladan da aka sani, wanda ya yi daidai da wannan wahala, ijara ce a kan aiki. Abin da ya faru a farkon 2023 daban ne. Lokacin da sauya fasalin naira ya ƙarar da takardun kuɗi, har jihohin Zamfara, Kaduna da Kogi suka kai gwamnatin tarayya Kotun Ƙoli, ladan ya tashi zuwa kashi goma, wani wuri ashirin cikin ɗari. Aikin bai ƙaru ba, takardar ce ta yi tsada. Wanda ya karɓi wannan ya sayar da naira da naira.

Wayar ta wace ce?

Rigingimun waya tsakanin ma'aurata sukan koma ga tambayar da ba a yi ba ranar sayenta: kyauta ce ko aro? A Malikiyya kyauta tana lizimta da furuci, tana cika da karɓa. Uba yana da damar janye kyautar da ya yi wa ɗansa bisa sharuɗɗa, miji kuwa ba shi da wannan dama a kan matarsa. Wanda ya miƙa wa matarsa waya ya ce tata ce, ba shi da ikon karɓewa ranar saki, kuma idan bai faɗi komai ba al'ada ake tambaya, al'adar Hausa kuwa kyauta take ɗaukarta. Wadda ta sayi tata da kuɗin ƙuli-ƙuli ko ɗinki ko adashe, dukiyarta ce. Ikon da mazhaba ta ba miji a kan dukiyar matarsa ya tsaya ga hana kyautar da ta wuce sulusi, bai shafi saye da sayarwa ba. Yana da damar hana ta amfani da ita ta hanyar saɓo, kamar yadda ita ma take da haƙƙin yi masa nasiha, amma fasa wayar ko sayar da ita ta'adi ne mai wajabta ramuwa. Binciken wayar juna a ɓoye kuma yana ƙarƙashin hanin bin diddigi da ke aya ta 12 ta Suratul Hujurat. Yana da kyau mazaje su lura cewa matar da take karɓar oda da kuɗin ciniki ta waya ta rage buƙatar ɗora wa 'yarta talla.

Wayar da saurayi yake ba budurwa lokacin neman aure, ko wadda ake sawa a lefe, tana bin hukuncin kyautar neman aure. Ra'ayin da malaman Malikiyya na baya irin su Dardir suka karkata gare shi shi ne, idan fasawar daga wajenta ne yana iya karɓar abinsa, idan daga wajensa ne ba shi da komai, sai in akwai sharaɗi ko al'adar da ta saɓa. Mai mace fiye da ɗaya, bayan ya ba kowace haƙƙinta na wajibi, malamai sun ba shi damar ƙara wa wata, sai dai duk wanda ya san gidan kishiyoyi ya san babbar waya a ɗaki ɗaya da ƙarama a ɗaya ɗakin ba ta barin gida lafiya.

Game da 'ya'ya, Risala ta bayyana cewa ciyar da ɗa namiji tana kan uba har ya balaga yana mai iya nema, 'ya mace kuma har mijinta ya tare da ita. Waya ba ta cikin wannan wajibi ga yaro ƙarami, kuma aya ta 5 ta Suratun Nisa'i ta hana damƙa dukiya ga wanda bai san tattalinta ba. Hali yana sauyawa ga mai neman shiga jami'a, tunda rajistar JAMB tana buƙatar lambar NIN da layin ɗalibi na kansa, haka ɗalibin Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau ko na jami'ar jiha da ke Talata Mafara, wanda sanarwar darasi da takardun karatu suke iske shi ta waya. A nan ta zama kayan karatu. Hadisin Nu'umanu bin Bashir a kan daidaita 'ya'ya a kyauta bai hana a ba mai buƙata abin buƙatarsa ba. Abin da ya hana shi ne a saya wa ɗan mowa a bar ɗan bora alhali ajinsu ɗaya.

Abin da mamaci ya bari a waya

Tun bayan ƙarancin kuɗi na 2023, 'yan kasuwa da manoma da yawa suna ajiye kuɗinsu a asusun waya irin su OPay da Moniepoint. Wani ma da gangan yake ɓoye wa iyalinsa, don tsoron kada labari ya kai ga masu garkuwa. Idan ya rasu kwatsam, magada ba su san da asusun ba, ko kuma ɗa ɗaya da ya san lambar sirri ya kwashe kafin a zauna rabo. Kuɗin nan tarika ne kamar gona da shanu: a fitar da kuɗin jana'iza, a biya bashi, a zartar da wasiyya a cikin sulusi, sannan a raba. Sanin lambar sirri amana ce, ba ta mayar da kuɗin na wanda ya san ta. Sau da yawa ma a cikin asusun akwai kuɗin wasu, na adashe, ko na abokin ciniki da ya turo kafin a kai masa kaya, kuma shaidar kawai tana cikin saƙonnin wayar.

Hadisin Ibn Umar da ke Muwaɗɗa da Sahihaini ya kwaɗaitar da kada Musulmi mai abin wasiyya ya kwana biyu ba tare da ita a rubuce ba, aya ta 282 ta Suratul Baƙara kuma ta yi umurni da rubuta bashi. Aiki da su a yau ya haɗa da maigida ya rubuta a takarda sunayen asusunsa, da waɗanda suke binsa da waɗanda yake bi, ya ajiye a wurin amintacce ɗaya ko biyu, ba sai ya haɗa da lambar sirri ba. Masu rabon gado kuma, alƙalai ne ko limamai, ya kamata su riƙa neman wayar mamaci da layinsa tun a zaman farko, su sa a ci gaba da amfani da layin har a gama, domin layin da ya daɗe a ajiye kamfani yana karɓe shi ya sayar wa wani.